Shekarar da Aka Bar Tudu Ya Yi Fure

A cikin sarakunan da ƙasa ta rufe an yi wani sarki ana ce masa Nakande, yana mulkin wani gari mai suna Tsaunin Gamji. Ba azzalumi ba ne a yadda mutane suka saba ganin zalunci, domin bai taɓa ƙwace gonar maraya ba, bai kuma taɓa karɓar toshiya a kan shari'a ba. Aibinsa ɗaya ne: idan abu ya dame shi sai ya ce a kawar, ba ya tsayawa ya tambayi wanda zai cutu. Allah kuwa ya jarrabce shi da ciwon fuka tun yana saurayi, har wani lokaci numfashinsa ya riƙa fita da ƙara kamar ana jan igiyar guga.

A bayan garin akwai wani tudu mai faɗi, inda wasu tsirrai biyu suke fitowa, 'yan gida ɗaya da shuwaka, irin waɗanda furanninsu ke taruwa ƙanana-ƙanana cikin ƙoƙo guda, idan sun bushe su koma kamar auduga iska ta kwashe. Mutanen garin suna kiran ɗaya lallashi, ɗayan kuma yankau. Ganyen lallashi ake dafa wa jariri idan ciki ya murɗe masa, ya sha ya yi barci. Yankau kuwa, ko babba ya sha sai zawo ya kayar da shi, jariri kam ba ya tashi. Abin tashin hankalin shi ne, kafin su yi fure babu mahalukin da zai raba su: ganye iri ɗaya, dogo mai baki kamar zarto, ɗaci ɗaya, saiwa ɗaya. Ko furen ma dukansu shunayya ne. Sai an duba ƙoƙon da ke riƙe da furen. Ɓawon ƙoƙon lallashi a kwance yake, sumul, yatsa na zamewa a kansa, tsakiyar furen kuma da ɗan fari. Na yankau kuwa bakin kowane ɓawo ya lanƙwaso baya kamar ƙugiya, yana kama tufa.

Saboda haka matan garin suke da wata al'ada tun kaka da kakanni. Idan damina ta ja baya tudu ya yi fure, sai uwaye su hau da 'ya'yansu mata, su bi tsirran ɗaya bayan ɗaya suna shafawa. Wanda ya zama lallashi a ajiye masa farin dutse a gindi, wanda ya zama yankau a tuge shi a ƙona. Idan wata damina ta sauka saiwa ta tofo sabon ganye, inda farin dutse yake nan ake tsinka.

To, audugar furannin nan ita ce babbar abokiyar gabar ƙirjin sarki. Wata shekara ta kusa kai shi kabari, yana farfaɗowa ya sa aka yi shela: daga yau a riƙa sare tudu ƙarƙaf kafin ya yi tohon fure. Masu sara suka hau da lauje da adda. Fararen duwatsun nan suna dakusar musu da kaifi, sai suka riƙa tsince su suna jifa cikin kwari. Babu wanda ya ce uffan. Mata suka ci gaba da hawa da damina suna tsinka da tunani, wannan ta ce a nan uwata ta nuna mini, waccan ta ce a gefen dutsen can ne. Ita kuwa saiwar yankau tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ba ta san wurin uwar kowa ba. Jarirai sukan mutu jefi-jefi, a ce ajali ne, a rufe.

Bayan shekaru masu yawa, sarki ya fara furfura, Allah ya ba shi ɗa namiji, shi kaɗai. Aka ɗauko wata budurwa mai natsuwa ana ce mata Hakama ta riƙa rainonsa. Farkon damina ciki ya murɗe wa yaron, ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Hakama ta ruga tudu, ta tsinko ganye a inda uwarta ta saba kai ta, ta dafa, ta ba shi da hannunta tana yi masa waƙa. Kafin rana ta sake fitowa yaron ya rasu.

Aka yi jana'iza, sarki ya zauna a fada idanunsa jajur. Ya ce, "Ku gaya mini gaskiya. Akwai macen da ta isa ɗaura zane a garin nan da ba ta san lallashi daga yankau ba?"

Sarkin Magani, wani dattijo mai suna Tunau, ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, babu. Ni da warinsa kaɗai nake gane shi."

Iya Kyauta, shugabar matan gidan sarki, wadda ita ta goyi sarkin kansa, ta ce daga bayan labule, "Ni ko an rufe mini ido, Zaki. Yarinyar nan da saninta ta yi."

Sarki ya ce, "To, ganganci ne. A kai ta gidan yari, Juma'a a sare ta."

Uwar Hakama wata bazawara ce mai saƙar faifai, sunanta Tasalla. Hakama ce 'yarta ta fari, tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yabonta a gaban mutane ba, saboda alkunya. Ranar nan ta yar da alkunya a tsakar gida, ta fita ko takalmi babu, ta je ta durƙusa a zauren Waziri Ukashatu, mutum mai ilimi da sanyin magana, wanda ya bauta wa sarki tun hawansa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na san abin kunya nake yi, uwa ta zo roƙo a kan 'yar fari. A yi mini dariya, na yarda. Yarinyar nan wallahi ko kaza ba ta iya riƙewa a yanka. Idan akwai laifi nawa ne, ni na nuna mata wurin. A kama ni, ni na ci duniya na ƙoshi."

Waziri ya ce, "Ke wa ya nuna miki?"

"Innata, Allah ya jiƙanta. Da hannunta ta ajiye dutsen."

"Dutsen yana nan?"

 Tasalla ta ce, "An jefar."

"Yaushe rabonki da ganin furen?"

"Tun yarinyar nan tana bayana a goye."

 Waziri ya ce, "Ashe ita ba ta taɓa ganinsa ba ke nan." Ya sallame ta, bai yi mata alkawarin komai ba.

Da aka yi zaman fada ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ya ba shi haƙurin abin da ya rasa. Hukuncin da aka yanke ya tsaya ne a kan ƙafa ɗaya, wato cewa ana iya raba tsirran nan biyu da ganye. Idan haka ne, yarinya ta yi ganganci, takobi haƙƙinta ne. Idan ba haka ba ne, kuskure ta yi, shari'a kuma ba ta daidaita mai kuskure da mai ganganci ba. Ina roƙon alfarma a gwada ƙafar nan kafin a ɗora mata rai. Duk wanda ya ce ya san lallashi, ya hau tudu yanzu da ganye yake ɗanye, ya ɗaura alamarsa a kan wanda ya rantse shi ne. Sannan a bar tudu bana kada a sare, fure ya fito ya ba da shaida."

Sarki ya ce, "Waziri, ka san abin da kake nema? Numfashina kake so in biya da shi."

"Na shekara guda, Allah ya ba ka nasara. Ita kuwa na dukan shekarunta ake nema."

 Sarki ya yi tari, ya ce, "Na ba ka. Amma ka ji sharaɗina. Idan alamomin masana suka faɗa daidai, a sare ta a kan tudun, kai kuma ka ajiye rawaninka a gefen gawarta."

Waziri ya ce, "Na karɓa."

Washegari aka hau tudu. Tunau ya riƙa murza ganye yana shinshinawa yana lumshe ido, yana ɗaura 'yar tsiwirwirar fata. Iya Kyauta, ana riƙe da ita saboda gwiwa, tana ɗaura jan zare.

Ta ce, "Kai Tunau, wannan hancin naka da taba ta cinye, me yake ji? Ko akuya ta mutu a ɗakinka sai maƙwabta sun gaya maka."

Ya ce, "Iya, ke da kika gaishe da turmi jiya kina ce masa Galadima? Ki bar zaren nan, kada ki ɗaura wa ƙafar dogari."

Mutane suka yi dariya, dariyar farko tun rasuwar yaron. Wasu tsofaffi ma suka ɗaura nasu. Sarki yana tsaye yana kallo, sai Waziri ya ce a hankali, "Zaki ma ya taɓa cewa kakarsa ta hau da shi nan yana yaro." Sarki ya ce, "Ta hau da ni, kuma ban manta ba." Ya zare wani farin zare daga bakin rawaninsa, ya zaɓi wani tsiro mai kyan ganye, ya ɗaura da kansa. Daga ƙarshe aka ce Tasalla ta nuna inda 'yarta ta tsinka. Ta sauka kwari ta ɗauko farin dutse, ta ajiye a wurin.

Daga nan sai jira. Wanda bai taɓa jiran abu da ran ɗansa a ciki ba, ba zai san tsawon damina ba. Gidan yarin garin a gangare yake, ɗakin da aka sa Hakama kuma ƙasa da ƙasa ne, idan aka yi ruwa sai ya kwanta a ciki, bango ya yi gansakuka. Kullum Tasalla takan kawo mata tuwo da busasshen zane, ta karɓi jiƙaƙƙen ta tafi da shi. Daga nan ta wuce tudu ta zauna tana korar awaki, don kada su cinye shaidar. Takan leƙa kan tsirran ko tohon fure ya fito, ta dawo gida, zuciyarta ta ce mata ba ta duba da kyau ba, ta sake komawa. Faifai kam ta daina saƙa.

Wata rana ta kai tuwo gidan yari, sai ta ji tari daga bayan ƙyauren. Ta ce, "Ke, tarin me nake ji?"

Hakama ta ce, "Ba komai, Inna, yajin miyarki ne. Tun da aka kulle ni kika manta awo."

"Kada ki yi mini wasa. Tun yaushe?"

"Ya ɗan kwana biyu. Inna, ya yi toho?"

"Ya kusa."

"Haka kika ce wancan mako."

Tasalla ta koma zauren Waziri ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwa yana cin yarinyar nan. A mayar da ita ko ɗakin awaki ne, in dai busasshe ne. A sa mata mari a ƙafa, a ɗaure ni tare da ita."

Waziri ya ce, "Baiwar Allah, sarki yana kwana yana tashi da fushin abin da na riga na roƙa. Idan na koma da roƙo na biyu, ina tsoron ya warware na farko. Ki ƙara haƙuri, saura kaɗan."

Ta ce, "Haƙurin ba ni ke yin sa ba, ƙirjinta ke yi." Ta tashi. Waziri bai koma wurin sarki ba.

Da ruwa ya ɗauke, tudu ya yi fure, abin da samari da 'yan matan garin ba su taɓa gani ba. Shunayya ta rufe shi daga gindi har ƙoli, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa. Sarki ya hau da mayafi a hancinsa, gari duka yana biye. Tsofaffin mata suna ganin ƙoƙon furen sai ilimin da ya kwanta ya tashi, suka fara nunawa da baki: ga sumul, ga mai ƙugiya.

Waziri ya ce, "Kowa ya je ga alamarsa, ya shafa da yatsansa, ya faɗi abin da ya ji."

Tunau ya bi fatunsa. Wasu sumul, wasu suka soke shi. Ya tsaya yana tsotsar yatsa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rabi da rabi. Da makaho aka aiko da haka zai samu." Iya Kyauta ta kai hannu ga jan zarenta na farko, ƙugiya ta kama bakin mayafinta. Ba ta je ga na biyu ba. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Jikokina nawa na dafa wa? Wayyo ni, jikokina nawa?" Babu wanda ya tsokane ta.

Sarki ya nufi farin zarensa. Tsiron ya fi na kowa tsayi da yawan fure. Ya miƙa hannu, sai ƙoƙon ya kama hannun rigarsa, ya ja, zaren rigar ya zare. Ya tsaya yana kallon rigar.

Tasalla kuwa tana durƙushe gaban farin dutsenta. Duk kewayen wurin yankau ne, babu lallashi ko ɗaya. Ta ce, tana kiran marigayiya uwarta, "Inna, a nan kika ce mini. Wallahi a nan kika ce mini."

Waziri ya ce, "A nan ne, ba ta yi miki ƙarya ba. A zamaninta lallashi ne a nan." Ya juya ga sarki ya faɗi. "Allah ya ba ka nasara, shaida ta yi magana. Tsirran nan ba su taɓa ɓoye kansu ba, kowace shekara suna zuwa su faɗi sunansu, mu ne muke sare su kafin su buɗe baki. Hannun da ya ba ɗan sarki ganye na Hakama ne, amma idon da zai hana ta an rufe shi tun tana goye."

Sarki ya ce, "Faɗi sauran, Waziri. Wa ya rufe?"

"Shela ce, Zaki. Mu kuma da muka ji ta muka yi shiru."

Sarki ya yi kuka a gaban talakawansa, abin da ba a taɓa gani ba. Ya ce a saki Hakama. Ya ce an soke shelar sara har abada, mata su koma ga duwatsunsu. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ba shi gonakin bakin kogi, ya ce, "Ka tsare ni daga jinin da ba zan iya wankewa ba." Tasalla kuma ya naɗa ta Uwar Tudu, ita za ta riƙa jagorantar mata ranar ajiye dutse, da dawa da gero daga rumbun sarki duk shekara.

Aka je fito da Hakama. Ba ta iya tsayuwa ba, a kan asabari aka ɗauko ta. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa, numfashinta kuma yana fita da ƙara kamar ana jan igiyar guga. Duk wanda ke wurin ya gane wannan ƙara, domin sun saba jinta daga kan karaga.

Tasalla ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, na gode da sarauta, na gode da hatsi. Na kawo muku yarinya mai gudu ta hau tudu ba ta haki. Wannan da kuka ba ni, zan karɓa, tawa ce. Ina tambaya ne kawai, don ni ba mai ilimi ba ce: tunda an ce ba ta da laifi, wannan hukuncin na wane ne take ɗauke da shi?"

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya ce, "Na roƙa mata lokaci, ban roƙa mata inda za ta zauna ta jira shi ba. Na ji tsoron roƙo na biyu." Alkyabbar nan, an ce bai taɓa sa ta ba.

Ba a daɗe ba furanni suka bushe, auduga ta tashi ta cika gari, tana shiga ta taga, tana sauka a kan tuwo. Sarki ya cika alkawari, bai sa an sare ko kara ɗaya ba. Sai dai ya sa aka gina masa gida a ƙetaren kogi, inda iskar tudu ba ta kaiwa, duk shekara idan lokacin ya zo sai ya ƙaura can da iyalinsa har ta lafa. Mutane suka yabe shi, mawaƙa suka sa shi a waƙa, jarirai kuma suka daina mutuwar da ake ce wa ajali.

Hakama ba ta da gida a ƙetaren kogi. Ɗakinsu yana gindin tudun. Duk shekara Tasalla takan hau da safe ta jagoranci mata, ta kama yatsun 'yan mata tana ɗorawa a kan ƙoƙon fure tana cewa, "Shafa, kada ki yarda da ido, kada ki yarda da inda aka ce miki." Idan ta sauko sai ta jiƙa tsummoki ta bi kafar ƙyaure da ta taga tana toshewa, ta zauna a bakin gado tana sauraron numfashin 'yarta, tana jiran mai zuwa bayan wanda ya fita. Ta daina alkunya. Idan numfashin ya yi jinkiri sai ta kira ta da sunanta, "Hakama. Hakama." Har sai ta amsa.

Masu hankali suka ce: wajibi ne mai mulki ya jira shaida ta nuna kafin ya zare takobi, amma adalcin da bai leƙa ɗakin mai jira ba, ko ya zo da gaskiya, ya tarar an riga an zartar da rabin hukuncin.